Wanda Yake Tsaye Bayan Barewa

Ku biyun nan, Sadiq da Nana, kun girma da labari guda a bakinku: wai ni na raba Abbanku da bindigarsa, na kira masa 'yan sanda har gida, daga nan ya koma mutumin da kuka fi sani, mai zama gefen hitar ɗumama ɗaki da rediyo a cinya. Ban taɓa musa muku ba, don kuwa haka aka yi, ni na ɗauki wayar da hannuna. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ya faru kafin wayar, kuma muddin yana raye ban ga damar faɗa ba, saboda mutuncinsa ne a ciki. Yanzu ya tafi, Allah ya jiƙansa. Kai kuma Sadiq, na ji abin da ka gaya wa matarka a kaina ranar sunan ɗanka, kana zaton ƙarar tukunya ta toshe min kunne. Gwiwa ce ta lalace min, kunnena lafiyarsa ƙalau.

Abbanku injiniyan jirgin ƙasa ne a takarda, amma a jini ɗan maharbi ne. Mahaifinsa, wanda ba ku riska ba, a dazukan ƙasar Ningi ya yi rayuwarsa da bindigar toka da wata baƙar taguwa ta saƙi wadda layu suka rufe gaba da baya. Tun muna amarci nake jin labarin taguwar nan har na kusa haddace yawan layunta. Abu biyu tsohon ya dasa wa ɗansa. Na farko, ba a shiga daji sai an tsaya a bakinsa an yi sallama, domin daji ba kango ba ne. Na biyu, ba a taɓa kunamar bindiga sai an ƙirga ƙafafun dabba huɗu cif, an kuma ga abin da ke bayanta. Abbanku kan ce a garinsu an taɓa harbe wani mai saran itace da ya sunkuya cikin ciyawa, kuma tun daga lokacin ƙirgar ƙafa ta zama dole ga duk wanda ya rataya bindiga.

Da muka zo Manchester muka sauka a wani ɗan matsattsen gida a Ardwick, na ga yadda rashin daji yake cin mutum. Sai ya tsaya jikin taga yana kallon tattabaru a kan rufin maƙwabta, ido ɗaya a rufe. A haka muka shekara da yawa, har muka koma Fallowfield cikin hayaniyar 'yan jami'a, har ya haɗu da Alhaji Tanko a wani biki a Birmingham. Kawu Tanko ɗinku, mutumin zangon Kumasi, mai tasi, mai dariya da dukan jikinsa. Shi ne ya san wani manomi can yamma da Birmingham wanda bareyi suka addabi ƙananan itatuwansa, yana neman masu lasin su rage masa su. Abbanku ya bi duk hanyar da doka ta shimfiɗa, 'yan sanda suka zo suka duba akwatin ƙarfen da ya kafe a ƙarƙashin matakala, aka ba shi lasin. Ranar da ya dawo da barewar farko ni kaina na yi guɗa a kicin, ban damu da maƙwabta ba. Da bismilla yake harbi, ya ruga da wuƙa ya yanka, ni kuma in yi kilishi a oben mu rarraba gida-gida. Har yau akwai matan da ba su san sunana ba sai Maman Sadiq mai kilishin barewa.

A saman bindigar akwai madubin hange da ake leƙawa, shi yana ce masa sikof. Na farkon da ya saya ninki huɗu ne, wato abin da ke nesa yakan matso maka sau huɗu. Na taɓa tsokanarsa na ce rowa ce ta hana shi sayen babba, tunda na ji ana sayar da masu ninki goma da ashirin. Ya ɗauko kwalin da takardar goge hannu ke naɗe a jiki ya ɗora min a ido.

"Me kike gani?"

"Hancinka," na ce.

"Nana fa? Ga ta nan a gefena tana cin biskit."

"Ba na ganin ta."

"To haka babban sikof yake, Binta. Duk abin da ya ƙara miki a kusanci, a faɗi yake cirewa. A huɗu ina ganin barewa da ƙafafunta da shingen da ke bayanta. A ashirin gashin kafaɗarta kawai zan gani. Mai harbin takarda a fili ya sayi ashirin. Ni cikin itatuwa nake."

Ku riƙe wannan maganar, domin daga bakinsa ta fito.

Shekarar da abin ya juya ita ce shekarar da Sadiq yake ajin ƙarshe na sakandare. Ka yi tsawo ka zama siriri, kana tsayuwar nan taka ta kafaɗar hagu a sauke saboda rataya jaka, wadda na yi faɗa a kanta har na gaji. Ba ka da zance sai yaushe Abba zai tafi da kai daji. A shekarar ne na fara lura da ƙananan abubuwa. In na miƙa masa shayi ta gefe, sai hannuna ya gaji bai karɓa ba. Ya karce madubin mota a jikin ƙofa, shi da yake shiga wuri kamar ya auna da zare. Wata rana Nana ta tsaya a bakin ƙofar falo tana ta ɗaga masa hannu, yana fuskantar talabijin, bai san da ita ba sai da ta yi magana, ya zabura har rimot ya faɗi. Kuma ya fara dawowa daga daji hannu rabbana, ba nama, ba labari. Ya ajiye takalma ya wuce ya yi alwala ya daɗe a kan sallaya.

Da ƙyar na ja shi asibitin ido. Likitar ta ce hawan jinin ido ne, yana cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya, ta rubuta maganin ɗigawa. Har mun miƙe ta ƙara da cewa wasu masu irin wannan ciwon sukan ga abubuwan da babu su, zane-zane ko ma mutane a tsaye, ƙwaƙwalwa ce take cike gurbin da ido ya bari, ba hauka ba ne, kada ya ji tsoro. Na ga Abbanku ya saki wata ajiyar zuciya, ya yi dariya, ya yi mata godiya fiye da kima. Bai gaya mata yana da bindiga ba, ni ma a lokacin hankalina bai kai can ba. Sai da muka hau bas a Oxford Road, muna sama, ɗalibai suna ta surutu a bayanmu, ya yi magana yana kallon gilashi.

"Ashe ido ne. Alhamdulillahi."

"Mene ne ido, Malam?"

"Akwai wani mutum. Tun sanyin bara, duk sanda na ɗora sikof a kan barewa sai in gan shi a tsaye. Ba ya motsi, ba ya juyowa. In na sauke bindiga babu kowa."

Ban tambaye shi kamannin mutumin ba, gaskiya tsoro nake ji kada ya faɗa.

"Shi ya sa kake dawowa ba nama?"

"Yaya zan yi harbi da mutum a tsaye? Amma kin ji abin da doctor ta ce. It's not real. Na yi ta asarar nama a banza."

Ba a daɗe ba muka je Birmingham gaishe da iyalin Alhaji Tanko, sai mazan suka ce za su leƙa shagon kayan farauta, na bi su don na ƙi zama a mota. Mai shagon wani dattijon Bature ne, ya tambayi irin wurin da suke harbi, ya ce cikin itatuwa sikof mai ninki huɗu ko shida ya wadatar. Abbanku ya nuna wani dogo mai kauri, mai zobe a jiki da ake murzawa har ya wuce ashirin. Alhaji Tanko ya dube shi.

"Injiniya, wannan ai na masu harbi daga dutse zuwa dutse ne. A gonar nan me za ka yi da shi? Ko ƙwarƙwatar barewa kake so ka ƙirga?"

"Idona ya fara rauni, Alhaji. Ina son in ga abu da girma."

Na yarda da wannan dalilin har muka kama hanyar gida. Ni ke tuƙi, don na riga na karɓe mukullin mota da dabara. Yana rungume da kwalin a cinya, can ya ce, kamar mai magana da kansa:

"A ashirin ba zai sami wurin tsayawa ba."

Nama ya dawo gidanmu. Matan gari suka dawo da yabo, ni kuwa duk tsokar da na yanka sai in tuna da mutumin nan. Wata rana ina jera kilishi na tambaye shi ko mutumin ya tafi. Ya ce da farko ya tafi, amma yanzu ya matso, yana samun gefen da'irar sikof ɗin ya tsaya, kafaɗarsa kawai ake gani. Na ce to ƙafafun fa, yana ƙirgawa? Ya ce ai ya san gonar kamar tafin hannunsa, kuma in ya biye wa mutumin nan ba zai ƙara harbi ba har abada, don haka ya koya wa kansa yin kamar bai gan shi ba. Yana faɗa yana tauna kilishi. A daren nan ne, bayan sallar isha'i, a kan tebur, ya yi wa Sadiq albishir cewa lokaci ya yi, zai tafi da shi, kuma zai ba shi aikin da yaran maharba suke farawa da shi: ya zagaya ta bayan shinge a hankali ya motso bareyi su fito fili. Ka yi tsalle ka rungume shi. Ni kuma na ce ba inda ɗana zai je sai na fara zuwa na ga wurin da idona. Kuka yi min dariya ku duka, har da Nana, wai Mum a daji da zani.

Na je. Muka kwana gidan Alhaji Tanko, bayan asuba muka fita, gari ya waye mana a gonar. Sanyi ya daskarar da ƙasa, ciyawa ta yi fari tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Alhaji ya yi ɗaya ɓangaren gonar da na'urar hangensa, Abbanku ya zaro tsohon sikof ɗin nan mai huɗu daga aljihu ya ba ni, ya ce in riƙa leƙawa kada in gaji da tsayuwa. A bakin itatuwan ya tsaya ya yi sallama a hankali, yadda mahaifinsa ya koya masa. Abin da ban so ba shi ne bai wuce nan take ba. Ya ɗan karkata kai ya jira, kamar yadda ake jira a ƙofar gidan mutane, sa'an nan ya gyaɗa kai muka shiga. Ban taɓa jin shiru irin na wurin nan ba. Ko tsuntsu babu, sai numfashinmu da ke fita kamar hayaƙi.

Muka tsaya jikin wata bishiya, ya kafa sandunan da yake ɗora bindiga. Gabanmu fili ne mai ɗan tudu, a saman tudun akwai shingen ƙaya mai giɓi a tsakiya. Mun daɗe har yatsun ƙafata suka daina jin komai, sai ga barewa ta fito tana kiwo, ta zo daidai giɓin ta tsaya. Na ji ya murza zoben nan har ƙarshe. Na ɗaga nawa na leƙa. Na ga barewar gaba ɗayanta, na ƙirga ƙafa huɗu kamar yadda na sha ji, na ga shingen, na ga giɓin. A cikin giɓin, daidai bayan kafaɗarta, mutum ne a tsaye da farar rigar sanyi mai hula, ya ba mu baya, ba ya motsi.

"Ya zo," in ji Abbanku cikin raɗa. "Kada ki damu. Kullum haka yake."

Na ji ya fara bismilla. Ban yi shawara da kaina ba, na kai tafin hannuna na rufe bakin sikof ɗinsa, na buɗe murya iya ƙarfina. Abin da ya fito daga bakina sallama ce, ban san dalili ba. Barewa ta yi tsalle ta ɓace. Na mayar da ido giɓin, babu kowa.

"Kin haukace ne? Da hannunki a gaban bindiga?"

"Na gan shi, Malam! Wallahi na gan shi!"

"Ba yadda za a yi ki ga abin da ke cikin idona. Labarin da na ba ki ne, tsoro ya zana miki shi."

Na ja shi muka hau tudun. Bayan shingen akwai wata 'yar siririyar hanyar ƙafa da ta kwana cikin itatuwa, irin wadda Turawa ke bi da karnukansu. Ƙasa ta daskare, ko giwa ce ta wuce ba za ta bar sawu ba. Muka kira, ba wanda ya amsa. Ya ce kin gani ko, ni kuwa ban san me na gani ba. In ɗan Adam ne, saura ƙiris mijina ya zama mai kisan kai. In kuma ba ɗan Adam ba ne, to mu biyu mun ga abin da bai kamata a gani ba. Ko wanne ne a ciki, na san bindigar nan ta gama zama a gidana.

Kada ku ɗauka waya na fara ɗauka. Na roƙe shi ya mayar da lasin da kansa, ya fita da girmansa. Na yi kuka, na yi fushi, na daina yin kilishi. Na kira Alhaji Tanko, ya yi ta kame-kame.

"Hajiya, ni ma na faɗa masa sikof ɗin ya yi yawa. Amma mutum da bindigarsa, ni ban iya shiga ba. Ki yi ta addu'a."

Abbanku ya ce ya yi wa yaro alkawari, kuma Asabar mai zuwa zai cika. Kai Sadiq har ka jera takalmanka a bakin ƙofa. Sai na jira kuka fita, na kira GP ɗinmu, wato likitan da ke duba mu, na gaya masa komai, daga nan na kira ofishin 'yan sanda masu kula da lasin. Matar da ta ɗauki wayar har ta tambaye ni ko yana dukana ne. Na ce a'a, mutumin kirki ne, idonsa ne. Da rana tsaka suka zo, bayan kun dawo gida, su biyu, da ladabinsu. Shi ya buɗe akwatin da kansa, sai da ya laluba kafin mukulli ya shiga, kuma na ga sun lura. Kana zaune a matakala, ka dube ni ka ce, "Mum, how could you?" Wannan kallon bai bar ni ba har yau.

Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Da suka tafi ya ce, "Kin kira min hukuma saboda aljani, Hajiya." Tun daga ranar na zama Hajiya. Mutumin da ko a gaban baƙi Binta yake ce min, ya koma kirana kamar matar maƙwabci, kuma ya riƙe haka shekara da shekaru. Ya ci abincina, ya yi min godiya, ya tambayi lafiyata, duk da Hajiya. A gari kuma aka ce na kai mijina ƙara wurin Bature, wasu matan suka rage gaisuwa. Ya yi min ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Sau da yawa nakan zauna in ce ko dai tsoron ne da gaske ya zana min shi, na karya mutum a banza. Ganinsa ya ci gaba da tsukewa har ya bar aiki. Wani lokaci ina shigowa falo in tarar ya juya kai wajen kusurwar labule yana amsa sallama a hankali, in yi kamar ban ji ba.

A ciwonsa na ƙarshe, wata la'asar ina shafa masa mai a ƙafa, ya sa hannu ya kashe rediyo. Ba mu taɓa komawa kan maganar ba tun ranar 'yan sanda.

"Wanda kika ce kin gani a gonar nan. Wane kaya ne a jikinsa?"

"Farar rigar sanyi mai hula."

Ya juyo da kai wajen muryata, ya sake tambaya.

"A ina yake tsaye?"

"Cikin giɓin shinge. Daidai bayan kafaɗar barewar."

"Nawa baƙar taguwar Baba ce a jikinsa, da layunta. Kuma ta hagu yake tsayawa, a bakin da'ira. Bai taɓa shiga tsakiya ba."

Na saki ƙafarsa. Ya daɗe yana kallon silin da idon da ba ya ganin komai.

"Ashe su biyu ne," ya ce. "Mai farar rigar ban gan shi ba, Binta. Wallahi ko alamarsa ban gani ba." Ya miƙo hannu inda ba na wurin, na matsa na sa nawa a ciki. "A giɓin nan na yi niyyar cewa Sadiq ya tsaya."

Akwai abu ɗaya da ban gaya masa ba ko a ranar, domin nauyin da ya ɗauka ya ishe shi. Mutumin da na gani dogo ne siriri, ya ba mu baya, kafaɗarsa ta hagu a sauke. Na san kana Manchester a safiyar nan, Sadiq, ni na bar ka a gida da za mu tafi, kuma da muka dawo na tambayi Nana ta ce ko ƙofa ba ka leƙa ba. Amma ni na haife ka, na san tsayuwarka ko daga ina na hango ta.